Gudun asuba ni da Baba

 



Da kwamitin shirya wannan taro ya ce in yi magana a kan motsa jiki, na so in ƙi, don ni ba ɗan wasa ba ne, ɗalibi ne a jami'ar nan ta Damagaram. Sai wani ya ce: "Ba kai ne ake gani da asuba kana gudu da tsohonka ba? To shi za ka faɗa mana." Na je na nemi izinin Baba. Ya yi shiru, can ya ce in faɗi, amma kar in ƙara gishiri.

Ni ɗan fari ne, kuma kun san al'adarmu. Tun tasowata Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Yaron nan" ne, ko "kai". Maganarmu ba ta wuce gaisuwa da aike. In ina son kuɗin lakwal, wajen Inna nake bi. Ba faɗa muke ba, kunya ce, amma gaskiya na kai shekara 20 ban san mutumin da ya haife ni ba.

Shekara 2 da suka wuce jiri ya kwashe shi a bakin shagonsa. Likita ya auna ya ce tansiyo ya hau, ga sukari ya fara. Ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri da shayi mai zaƙi, kuma dole ya riƙa tafiya. Magani Baba ya sha. Tafiyar ce ya ƙi. Hujjarsa ita ce dattijo ba ya yawo a titi ba dalili, balle gudu: mutane za su ce ko bashi ya koro shi.

Abin da ya karya masa wannan hujja niyyar Hajji ce, don yana tara kuɗin kujera. Wani malamin unguwarmu ya tuna masa cewa sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 ne, kusan kilomita 3, kuma maza suna sassarfa tsakanin korayen fitilu. Ga ɗawafi, ga tafiyar jifa a Mina. Ya kuma ba shi labarin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake shi ya tsere mata. Washegari bayan sallar asuba Baba ya tsaya a zaure ya ce: "Kai, ɗauko takalminka."

Watan farko ko gudu ba mu yi ba. Tafiya ce ta minti 20, yana gaba ina baya kamar yadda aka saba. Na sayo masa takalman gwanjo a kasuwar Dole, don silifas na ji masa ciwo, kuma mai sukari ba ya wasa da rauni a ƙafa. Sannu a hankali muka koma sassarfa ta minti 1, tafiya minti 2, a maimaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati. Mu muka raba shi kwana 5, rabin awa kullum. Ƙa'idar da likita ya ba mu mai sauƙi ce: in ba ka iya magana kana gudu, ka wuce gona da iri, ka rage.

To ƴan'uwa, wannan ƙa'idar ce ta jawo abin da ban zata ba. Dole in matso kusa da shi in riƙa sa shi magana, don in ji numfashinsa. Kuma a gudu ba a kallon ido, kowa hanya yake duba. Ashe abin da ya gagara a zaune, fuska da fuska, yana yiwuwa kafaɗa da kafaɗa. A hanyar Mirriya, wajen duwatsun nan, ya fara ba ni labarin yunwar 1984, yadda shanun kakana suka ƙare har ya shigo birni neman abin yi. Ban taɓa ji ba. Ni ma a hanyar na gaya masa na faɗi wata jarrabawa, abin da na ɓoye wata 3. Na jira faɗa. Sai da muka yi kusan mita 100 sannan ya ce: "Ka sake ta. Ɗaga ƙafa, rana na fitowa."

Kar in sa ku zaci komai daɗi ne. An yi mana dariya. Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa tsayawa ya tambayi Baba ko lafiya. Ni kaina na yi kuskure: wata rana cikin zafin Afrilu na matsa masa mu ƙara nisa, don ina son in nuna na iya, har sai da ya zauna bakin hanya yana rawar jiki. Tun ranar ba ma fita sai da ruwa da dabino a aljihu, kuma shi ke yanke nisa, ba ni ba. Da hunturu muna rufe hanci saboda ƙura. Da azumi muna barin gudu, mu yi tafiya bayan asham.

Yanzu muna yin kilomita 5 ba tsayawa. Maganinsa yana nan yana sha, kuma ina roƙonku kar kowa ya ce gudu zai maye gurbin magani, ko ya fitar da mahaifinsa ba tare da ya ga likita ba. Ƙanwata ta ga haka, ita ma ta fara fitar da Inna tafiya da la'asar, da hijabinsu. Sunana kuwa har yau bai kira ba, ban kuma damu ba.

Muna tashi daga ƙofar masallacin unguwarmu bayan sallar asuba, kullum ban da Juma'a da Lahadi. Wanda ya shawo kan mahaifinsa ya zo da shi. Baba ya ce shi zai riƙa tafiya da sababbi a baya.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa Baba ya sauke faralinsa da ƙafarsa.