KUƊIN KUJERAR HAJJI BAYAN RASUWAR MAI SU: NA WANE NE?

Wannan shi ne bayanin da Malam ya gabatar a zaman ta'alim na 'yan'uwa matasa a garin Haɗejiya bayan sallar La'asar. Asalinsa tambaya ce da wani ɗan'uwa daga yankin Auyo ya miƙo a rubuce. Ya ce mahaifinsa manomin shinkafa ne, ya haɗa cinikin kaka biyu da na bijimai biyu ya biya kafin alƙalami na kujerar Hajji Naira 4,800,000, sannan ya ba mai tarakta kuɗin haro na noman rani. Sai Allah (T) ya karɓi abinsa kafin a fara jigilar alhazai, kafin kuma tarakta ta shiga gona. Yanzu baffansu ya ce shi ne babba, ya tafi da kujerar ya yi wa mahaifinsu Hajji. Matar babansu kuwa ta ce a karɓo kuɗin a ba 'ya'yanta rabonsu. Har ta kai gidan ko gaisuwa ba a yi.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya yi wa mamacin addu'a. Sannan ya ce wannan tambaya ba ta mutum ɗaya ba ce, domin kusan duk wanda ke zaune a wajen watarana zai tsinci kansa shi ne babba a gida, takardun mahaifinsa a hannunsa, idon kowa a kansa.

DA DA YANZU

Malam ya ce a zamanin da kakanninmu ke tafiya Makka a ƙasa, su bi ta Barno, su ratsa Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, guzurin mahajjaci a jikinsa yake. In ajali ya riske shi, abin da ya bari a bayyane yake ga abokan tafiya. Yanzu kuwa kuɗin ne ke riga mutum tafiya. Maniyyaci zai zuba su a banki da sunan Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jiha da ke Dutse, ita kuma ta tura wa Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, daga nan a biya jirgi da masauki tun da sauran watanni. Akwai kuma tsarin adashin gata na Hajji da aka ƙaddamar a 2020 tare da bankin Jaiz, inda mutum ke tarawa shekara da shekaru.

Ya tuna wa 'yan'uwa cewa a 2020 da 2021 ba wanda ya je Hajji daga Nijeriya saboda annobar korona. Wasu sun karɓi kuɗinsu, wasu sun bar su. Da aka buɗe a 2022 kujera 43,008 kawai ƙasar ta samu, aka kuma hana wanda ya haura shekara 65. A cikin masu jiran nan akwai waɗanda ajali ya riska. Ke nan duk lokacin da kuɗi suka daɗe a hannun wani, to dole a san hukuncinsu.

DA FITAR RAI KUƊIN SUN ZAMA GADO

Malam ya ce abu na farko da ya kamata ɗan'uwan ya fahimta shi ne, daga lokacin da ran mahaifinsa ya fita, kuɗin nan sun tashi daga sunan kuɗin Hajji, sun shiga cikin abin da mamaci ya bari. Malamai kuma sun jera yadda ake taɓa dukiyar mamaci. Ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar jingina. Sai kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya wadda ba za ta wuce sulusin abin da ya rage ba. Abin da ya saura shi ne na magada. Ya ce ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi, saboda haka kafin a yi maganar kujera a tambayi mai taki da mai fetur na injin ban-ruwa ko suna bin mamacin.

Daga nan sai Malam ya ɗauki alli. Ɗan'uwan ya rubuta cewa mamacin ya bar mahaifiyarsa da mata biyu da 'ya'ya maza shida, mata biyar. In babu bashi babu wasiyya, matan biyu suna da sumuni, wato Naira 600,000, kowace 300,000. Mahaifiyar tana da sudusi, 800,000. Sauran 3,400,000 na 'ya'ya ne, namiji rabon mace biyu, wato kowane namiji 400,000, kowace mace 200,000. Ya juyo ya ce to ga shi nan, babban ɗa da ake cewa ya tafi da kujera, abin da ya mallaka a cikinta 400,000 ne. Sauran 4,400,000 na mutum goma sha uku ne, a cikinsu har da yaran da ba su balaga ba.

TO, YI WA MAMACI HAJJIN FA?

A nan Malam ya ce malamai sun yi saɓani. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin in Hajji ya wajaba a kan mutum ya rasu bai yi ba, ana fitar da kuɗinsa daga dukiyar kamar bashi. Malikiyya da Hanafiyya kuwa suna ganin ba a fitarwa sai in ya yi wasiyya, ita ma daga cikin sulusi. Kotunan Shari'a na ƙasar nan da mazhabar Malikiyya suke hukunci. Tun da mamacin bai bar wasiyya ba, babu mai ikon tilasta wa magada.

Ya ce baffa ba mugun nufi gare shi ba, son ɗan'uwansa ne ya sa shi faɗin haka, don haka kada a ɗaga masa murya. A je a durƙusa a ce, Baffa, ga abin da malamai suka ce, ga kuma lissafi. Duk baligin da ya yafe rabonsa da daɗin rai don a yi wa mahaifinsu Hajji, Allah ya ba shi lada. Amma yafiyar da aka karɓa da kunya, an tara mace mai takaba a gaban dattawa ana jiran ta ce "na yafe", wannan ƙwace ne da lalama. Rabon ƙananan yara kuwa ba uwarsu ba baffansu, babu mai ikon yafe shi. Ya ja kunnen 'yan'uwa da irin narkon da ya zo a farkon Suratun Nisa'i kan cin dukiyar maraya. Ya ce wane irin Hajji ne wannan, kana Arfa kana kuka, ƙanenka ɗan shekara bakwai na gida an cinye masa gado? Ya ƙara da cewa mahaifin da ya sayar da bijimansa ya biya kuɗi, ana kyautata zaton Allah (T) ya rubuta masa ladan niyyarsa.

YADDA ZA A BI KUƊIN

Malam ya ce sanin hukunci daban, karɓo haƙƙi daban, kuma a nan ne matasa ke yin sakaci. Da an share makoki a nemo takardar banki da rasiɗin hukuma da duk wani fom da mamacin ya cika, a yi musu hoto, a adana na asali. A sanar da jami'in alhazai na ƙaramar hukuma a rubuce, ba da baki a bakin masallaci ba, a riƙe kwafi mai sa hannu da kwanan wata. Gaggawar tana da dalili, domin kuɗin da ke asusun jiha sun fi saurin dawowa a kan waɗanda aka riga aka tura aka biya masauki da su.

Sai a nemi shaidar rasuwa daga asibiti ko ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a haɗa da takardar mai unguwa ko dagaci. Sannan magada su je kotun Shari'a a tantance su, a naɗa wakili ɗaya da yardar kowa. Ya ja hankali kan wani kuskure da ya yaɗu, wato a ɗauka wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci shi ne mai kuɗin. Ya ce wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai, bai ƙara masa ko sisi a gado ba. In an cire wani abu daga kuɗin a nemi bayani a rubuce, kuma in za a je a tafi da wani daga ɗakin matar uba, don kada zargi ya shiga.

Ya ce jinkiri ma asara ne. A farkon 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kujerar da aka sanar ƙasa da miliyan 5 a farkon 2024, a watan Maris aka ƙara mata kusan miliyan 1.9, a 2025 kuwa ta haura miliyan 8. Duk watan da aka ɓata ana gaba a gida, rabon maraya ne ke zagwanyewa.

MAI TARAKTA DA MAI GIDAN HAYA

Dangane da kuɗin haro, Malam ya ce hukuncinsu daban ne. Wannan ijara ce, kuma a Malikiyya ijara ba ta warwarewa don wanda ya biya ya rasu. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaid ya kawo wannan a kan mai hayar dabba da mai hayar gida. Ma'ana aikin da aka biya ya zama na magada. Mai tarakta ba zai ce ai da marigayi na yi magana ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su ma magada ba za su tilasta masa ya dawo da kuɗi ba alhali a shirye yake ya yi aiki, sai dai a warware cinikin da yardar juna. Ya shawarci ɗan'uwan da su bari a yi haron, domin lokacin shukar rani ba ya jiran rabon gado.

Inda ake mayar da kuɗi, in ji shi, shi ne in abin da aka yi hayar ne ya halaka. Ka ɗauki wani ma'aikaci takamaimai ya rasu aiki bai ƙare ba, ko ka biya hayar shago ta shekara ya rushe, kamar yadda gidaje suka rushe a ambaliyar 2020 da 2022 a ƙasar Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa. A nan ana lissafa abin da aka mora, a dawo da saura.

GA WANDA KUƊIN KE HANNUNSA

Malam ya ce a cikin masu sauraro akwai magina da teloli da masu injin casa da direbobin tarakta. In ka karɓi kuɗin mutum ya rasu, babu rasiɗi, babu shaida, iyalinsa ba su sani ba, to kai ne za ka taka ka je ka faɗa musu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin kunya shi ne ɓoye shi. Ya tunatar da cewa Manzon Allah (S) ya siffanta jan ƙafar mai hali wajen biyan haƙƙi da zalunci.

A ƙarshe ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yau muna ganin neman rasiɗi rashin yarda ne. Ya nemi duk wanda mahaifinsa ke raye ya koma gida a daren nan, ya zauna da ladabi ya ce, Baba, bari in rubuta mana wa kake bi, wa ke bin ka, ina takardun suke, in kuma kana son a yi maka Hajji in ta Allah ta kasance, faɗa a gaban shaidu biyu. Ya ce da mahaifin wannan ɗan'uwa ya samu wanda ya yi masa haka, da yau ana gaisawa a gidansu.

Daga nan ya nemi dattawa biyu su raka ɗan'uwan wajen baffansa ranar Asabar, aka rufe zaman da addu'a.