Tukunyar Tururi: Kada a Wuce Iyaka



A ƙasashen sanyi irin su Amurka, da tururi ake ɗumama gidaje da yawa. Mu nan kuwa, a injinan gyaran shinkafa da asibitoci da manyan otel-otel ake samun tukunyar tururi. To, haɗarinta ɗaya ne ko'ina.

Ku sani, in ruwa ya zama tururi, yakan kumbura kamar sau 1,600. In ya rasa mafita, sai ya fasa tukunya, ya hallaka na kusa.

Saboda haka kowace tukunya tana da iyakar ƙarfin da maƙerinta ya yanka mata. Na'urar da ke rage wuta, a daidaita ta ƙasa da wannan iyaka. Mai kula da tukunya ya riƙa duban agogonta, kada allura ta haura jan layi. Bawul ɗin da ke sakin tururi kuwa, kada a ɗaure shi wai don aiki ya yi sauri, gama shi ke tsaron rayukanku.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta sufeto mai izini ya bincika tukunyar kowace masana'anta aƙalla sau ɗaya cikin wata 14. Masu injina, ku tuntuɓi Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.