Darasin Dare na 17 ga Ramadan: Hukuncin Musayar Dabba da Bindiga da Ajiye Ta a Gida

 Ƴan'uwa masu saurare a Agye da Cadawa da Gazawa, da na Gidan Rumji da Tibiri da Cadakori, da waɗanda suka kewaye rediyo a harabar masallatai, Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Yau 17 ga Ramadan, ranar da aka gwabza yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan hijira. Tambayar da za mu ɗauka ta dace da ranar. Wani magidanci daga ƙauyukan bakin iyaka ya aiko cewa ɓarayi sun kore shanun maƙwabcinsa, sun tafi da ɗan ƙanensa sai da aka biya fansa. Yanzu an yi masa tayin bindiga irin ta soja, ya ba da bijimai biyu ya karɓe ta. Mai tayin ya ce ba ta gwamnati ba ce, kwaikwayonta ne da ake ƙerawa domin kasuwa. Shin cinikin ya halatta?

Ɗan'uwa, ba mu raina tsoronka ba. Mun ga dubban mutanen da suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a shekarar 2019 suka sauka a ƙasar Gidan Rumji, mun kuma san gidajen da aka sayar da gona domin fanso mutum ɗaya. Wanda yake kwana da ido ɗaya yana da haƙƙin a amsa masa da hujja.

Mu fara da sanin hajar, domin malamai sun ce ba a yanke hukunci kan abu sai an san shi. Bindigar nan da ake kira Kalashi sunan maƙerinta ta ci, Mikhail Kalashnikov, sojan Tarayyar Sobiyat, wanda ya fito da ita a 1947. Daga baya Sin da Romaniya da Bulgeriya da Masar duk sun ƙera irinta, kuma akasarin waɗanda ke yawo a dazuzzukanmu irin waɗannan ne. Sun ƙaru bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, lokacin da aka fasa rumbunan makamai. Gidan harsashinta na cin 30, in aka sake mata wuta tana zazzage su cikin ƴan daƙiƙoƙi. To, ina amfanin cewa kwaikwayo ce? Harsashi ba ya tambayar ƙasar da aka ƙera bakin da ya fito. Ba bindigar toka ba ce ta maharban kakanninmu, wadda ake ɗurawa a harba sau ɗaya. An yi ta ne domin kashe mutane da yawa cikin hanzari.

Sai batun ciniki. Musayar dabba da kaya halal ce a asali. Amma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun gindaya sharuɗɗa ga abin sayarwa: ya zama mai tsarki, mai amfani, sananne, wanda ake iya miƙa shi, kuma wanda ba a hana sayar da shi ba. Mu auna wannan ciniki da su.

Na farko, ba ka san asalinta ba. Wata an ƙwace ta daga sojan da aka kashe, wata an riga an yi marayu da ita, shi ya sa ake goge lambarta. Sayen kayan da ake kyautata zaton na sata ne ko na ƙwace bai halatta ba, ko da da rahusa.

Na biyu, ka dubi inda bijimanka za su. Hanyar da ta kawo maka bindigar ita ce ke kai wa mutanen daji tasu, dillalin ɗaya ne. Ribar da ya samu a kanka da ita zai ɗauko wasu, ya sayar wa waɗanda suka kore shanun maƙwabcinka. Allah ya hana mu taimakekeniya a kan saɓo da zalunci a farkon Suratul Ma'ida, kuma a kan haka malamai suka hana sayar da makami a lokacin fitina, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Wannan shi ne toshe ƙofar ɓarna, ɗaya daga cikin ginshiƙan fiƙihun Imamu Malik.

Na uku, hukuma ta hana. Dokar Nijar ba ta yarda farar hula ya riƙe makamin yaƙi ba, ko bindigar farauta sai da takardar izini, kuma tun 1994 aka kafa hukuma ta musamman domin tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Idan shugaba ya hana abu domin tsare jinin mutane, bin sa wajibi ne. Wanda jandarmomi suka kama da ita ya rasa bijimai, ya rasa bindiga, ya bar iyali ba mai noma musu.

Za ka ce: ai hadisi ya tabbatar da shahada ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Wanda aka faɗo wa gida yana da damar kare kansa da abin da ya samu. Amma kare kai a lokacin hari daban, shiga kasuwar makamai ta ɓoye daban. Mu koma Badar. Sahabbai sun yi shekara 13 a Makka ana azabtar da su, ba a ba su izinin zare takobi ba. Da izinin ya zo, ya zo ne ƙarƙashin jagora guda, wanda ke cewa a tsaya a tsaya. Su ɗari uku da ƴan kai ne a Badar, ba wanda ya fita da ra'ayin kansa. Makamin da ba shugaba a kansa, fushi ne shugabansa.

Ga kuma abin da ido ya gani. A Zamfara, ƴan sa-kai sun tashi ne domin korar ɓarayin shanu, sai hukunci ya faɗa kan mai laifi da marar laifi, ramuwa ta haifi ramuwa, har wutar ta iso mana. Mu ma nan jihar Maraɗi ba mu manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci fiye da mutum 100 a 1991, a lokacin da bindigar yaƙi ba ta yawaita a hannun talakawa ba. Yaya zai kasance in kowace bukka tana da tata?

Bindiga tana zuwa domin ɓarawo, amma ɓarawo sau nawa yake zuwa a shekara? Sauran kwanakin tana nan ƙarƙashin gado, ranar rabon gado, ranar da shanu suka shiga gonar aya, ranar da yaro ya ɗauko ta yana wasa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibiyoyi a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami, domin Shaiɗan na iya fizgar hannu. Sun ruwaito cewa jini ne farkon abin da za a yi wa hukunci tsakanin mutane ranar ƙiyama. In an ja kunne haka a kan kibiya, ina ga mai zubo harsashi 30? Shi kansa Kalashnikov, kafin rasuwarsa a 2013, ya rubuta wa shugaban cocin ƙasarsa yana tambayar ko alhakin waɗanda aka kashe da ita na wuyansa.

Amsarmu ke nan: wannan ciniki bai halatta ba, ga mai saye da mai sayarwa da dillali. Ɗan'uwa, riƙe bijimanka ka yi huɗa da su. Ku haɗu da maigari da limami da arɗon Fulanin da ke kusa, ku tsara gadin dare da sanin hukuma, ku kai rahoto da wuri, ku daina rufa wa masu kai wa ɓarayi labari asiri ko da ƴaƴanku ne. Wanda ya riga ya saya, ya bi ta hannun sarki ko maigari a miƙa ta. Mu kuma muna kira ga mahukunta da su ji tsoron Allah: wanda ya hana talaka makami ya ɗauki nauyin tsaronsa, kuma za a tambaye shi.

Ya Allah, albarkacin wannan wata, ka zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ka kuɓutar da waɗanda ke tsare a daji, ka shiryi masu ɗauke da makami, ka tsare hannuwanmu daga jinin bayinka. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga hukunce-hukuncen i'itikafi.