Ƙaramar Tocila da Kayan Tarihin Nok

Jama'a, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun. A 1928 ne masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a Nok, ƙasar Jaba. A shekarun 1990 ɓarayi suka kwashe da yawa zuwa Turai, kuma abin da ba shi da hoto, wuyar shaida gare shi. Saboda haka in kun je gida, ku nemi izinin masu tsaron kayan, ku ɗauke su hoto. Ɗakin ajiya yakan yi duhu, sai ku riƙe tocilar aljihu mai farin haske shimfiɗaɗɗe, wadda ba ta tara shi wuri guda. Ku haska daga gefe, ta haka kitso da hujin idanu ke fitowa sarai. Allah ya kai ku lafiya.