Idan An Kama Naka: Jawabin Kwamitin Kare Haƙƙi Ga Taron Iyalai A Legas



Tambayoyin da ake kawo wa kwamitinmu daga Agege, Idi-Araba da Mile 12 kusan iri ɗaya ne: an kama yaro, kwana nawa za a riƙe shi, nawa ne beli, wa zai tsaya masa? Za mu amsa su. Amma za mu fi daɗewa a kan wata da ba a cika yi mana ba, wato maganar takardar bayani, domin a nan ne akasarin mutanenmu suke faɗawa rami tun kafin su ga alƙali.

Mu fara da kwanaki. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotun da za ta iya sauraron ƙarar a tazarar kilomita 40. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. A cikin Legas da wuya a sami caji ofis da ya yi wa kotu wannan nisan. Sai dai wanda ake zargi da laifi mai hukuncin kisa, kamar kisan kai ko fashi da makami, wannan ƙa'ida ba ta shafe shi ba. Sashen ya kuma ce cikin awa 24 a sanar da mutum dalilin kama shi a rubuce, cikin harshen da yake ji. Ku riƙe wannan: harshen da yake ji.

To, ga takardar bayani. Ɗan sanda mai bincike zai yi tambaya da Turanci ko Buroka, ɗanmu ya amsa da guntun abin da ya koya a kasuwa, a rubuta da Turanci, a ce ya dangwala yatsa. Ya ce ya sayi waya a hannun wani, a takarda kuma ya zama ya san ta sata ce. Bambancin nan ba ƙarami ba ne, domin laifin karɓar kayan sata yana tsayawa ne a kan sani. Masu sayen tsofaffin wayoyi da 'yan gwangwan, da ku muke. Da zarar yatsa ya hau takarda, lauya zai shafe watanni yana ƙoƙarin warware abin da aka ƙulla cikin minti goma.

Doka ta ba mutum damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Yin shirun ba rashin kunya ba ne, ba kuma amsa laifi ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce idan mutum ba ya jin Turanci a samo tafinta, a karanta masa abin da aka rubuta har ya gane, tafintan ma ya sa hannu. Dokar Jihar Legas kuwa ta buƙaci a ɗauki iƙirarin laifi a bidiyo, ko a gaban lauyan mutum. Idan da duka aka karɓi iƙirari, dokar shaida ta 2011 ta ba kotu ikon ƙin karɓarsa, kuma tun 2017 azabtarwa laifi ce mai zaman kanta. Amma sai an faɗa wa lauya da wuri, domin lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ne ake yin jayayya. Idan akwai rauni a jiki, a ɗauki hoto, a nemi takardar asibiti.

Haka abin yake a kotu. Sashe na 36 ya ba wanda ba ya jin harshen kotu tafinta, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Kada kunya ta sa mutum ya gyaɗa kai a kan tuhumar da bai fahimta ba. Akan ce wa mutum ya amsa kawai, tara ce kaɗan, ya koma gida. Mai faɗar haka ba shi ne zai yanke hukunci ba, kuma ko tarar aka yi, sunan wanda aka taɓa samu da laifi ya hau kansa. Mai gabatar da ƙara ne aka ɗora wa nauyin tabbatar da laifi, ba kai ne za ka tabbatar da gaskiyarka ba.

Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Mun san abin da ke faruwa a zahiri, kun sani, ba sai mun tsaya kwana-kwana ba. Shawararmu ita ce kada mutum ya tafi shi kaɗai. A je da wakilin ƙungiya ko lauya, a rubuta sunan jami'in da ranar da aka yi kamun. Belin kotu kuwa sharuɗɗa ne, ba ciniki ba. Mai tsaya wa wani yana ɗaukar alkawarin kawo shi duk ranar zama, idan ya gudu kuɗin da aka ambata ya hau kan mai tsayawar. Saboda haka wanda aka yi wa beli kada ya tafi gida Arewa bikin salla ko noma ya manta ranar kotu, ya bar dattijon da ya rufa masa asiri cikin wahala. Iyayenmu mata, dokar 2015 ta ce ba a hana mace tsayawa beli don kasancewarta mace. Laifi mai hukuncin kisa kuma babbar kotu kaɗai ke ba da belinsa, majistare sai dai ya aika mutum gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. A wannan jiran ne ake mantawa da mutane, don haka a riƙa bibiyar fayil ɗin.

Sauran biyu a taƙaice. Ba a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana. Bashi ko saɓa alkawarin ciniki kuma, idan babu damfara a ciki, ba dalilin kama mutum ba ne. Mu ma mu daina kai abokan cinikinmu caji ofis a kan bashi.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, akwai kuma Ofishin Lauyan Al'umma na Jihar Legas da aka buɗe a 2000. Idan kun zo wurin kwamiti, ku zo da cikakken sunan wanda aka kama kamar yadda aka rubuta shi a caji ofis, da ranar kamun, da lambar ƙara idan an riga an shiga kotu.

Yanzu fili na masu tambaya ne. Iyayenmu mata za su fara.