Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure: Abin Da Alƙali Ke Dubawa



An nemi in yi magana a kan abin da kotu ke yi idan aure ya mutu, uwa da uba suka tsaya gaban alƙali, kowa yana cewa a ba shi ɗa. Na san a cikinku akwai waɗanda goggo ta rena, akwai waɗanda suka yi agolanci a gidan mijin uwa, saboda haka ba labarin wata ƙasa zan ba ku ba.

Abin da yawancinmu muka tashi muka tarar shi ne, in an yi saki, uwa ta ci gaba da goyo har yaye, sa'an nan uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa. Mutane da yawa suna zaton shari'a ke nan. To, al'ada ce. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na ƙasar nan ke bi, haƙƙin riƙo, watau halana a bakin malamai, na uwa ne: ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Haka yake a Risala da Muhtasar Halil, littattafan da alƙalanmu suka yi ƙuruciya a kansu. Hanafawa sun tsaya a shekara 7 ga namiji, Shafi'awa kuwa suka ce yaro ya zaɓa in ya yi wayo, amma a cikinsu babu wanda ya ce yaye ne iyaka.

Abin da ya fi ba maza mamaki shi ne, in uwa ta faɗi, ba uba ne ke biye ba. Kaka ta wajen uwa ce, bayanta 'yar'uwar uwa, sai an ƙare da su a waiwayi kaka ta wajen uba, sa'an nan shi uban. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar, da ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba ya ɗauke shi, kakar yaron ta wajen uwa ta bi shi suka je gaban Sayyidina Abubakar, aka hukunta a bar mata jikanta. Umar bai ƙara magana ba.

Amma fa haƙƙin yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne ake fafatawa. Alƙali zai duba hankalin mai riƙo, da amanarta, da lafiyarta, da tsaron gidan da yaron zai kwana. In uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, ta tare, riƙo ya wuce ga ta gaba. Sai dai in mai haƙƙin karɓa ya sani ya yi shiru har shekara guda ba da uzuri ba, to, ya makara. In kuma uba zai ƙaura ya zauna wani gari mai nisan baridi 6, kimanin mil 72, yana iya tafiya da ɗansa, in ba uwar ta yarda ta bi ba. Ku ma'aikata da ake yi wa canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa Legas, wannan ya shafe ku. A ganina hukunci ne da ya kamata alƙali ya yi taka-tsantsan da shi, don akwai masu fakewa da ƙaura su raba uwa da ɗanta.

Ci da sha da tufafi da wurin kwana suna wuyan uba, ko yaron yana hannun wa. Yawancin matan da na ga sun miƙa 'ya'ya da kansu, ba ƙarar aka ci su ba, kuɗin ciyarwa ne ya daina zuwa, iyayensu kuma suka gaji.

Wanda ya yi auren rajista kuwa, Babbar Kotu zai nufa. Sashe na 71 na dokar ƙararrakin aure ta 1970 ya sa amfanin yaro gaba da kome, ba a fifita uba don ya biya sadaki. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta maimaita wannan, ta kuma tanadi kotun iyali, amma ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta karɓe ta. Musulmin da hukuncin riƙo bai gamsar da shi ba, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon sauraronsa.

Gobe waɗansunku za su zama rajistara, waɗansu ma'aikatan jin daɗin jama'a da za a aika su duba gida su rubuto wa alƙali rahoto. In an aike ku, kada ku tsaya a zaure kuna jin ta bakin maigida. Ku yi sallama ku shiga, ku ga inda yaron ke kwana, ku tambayi wa ke ba shi abinci, wa ke kai shi asibiti, ku rubuta abin da kuka gani.

Shugaba, na ga kana duban agogo. In akwai tambaya, bismilla.