Me Ke Tayar da Kasuwa, Me Ke Kwantar da Ita?

 Yau maganarmu a kan wata tambaya ce da malaman jami'a suka daɗe suna bincike a kanta: me ya sa gari biyu, ƙasarsu iri ɗaya, ruwan samansu ɗaya, amma ɗaya ya yi arziki ɗaya ya tsiyace?

A shekarar 2024 an ba wasu malamai uku da ke koyarwa a Amurka kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki saboda amsar da suka bayar. Sunayensu Daron Acemoglu, Simon Johnson da James Robinson. Abin da suka ce a taƙaice shi ne: tsari ne tushe. Tsari kuwa, kamar yadda wani magabacinsu Douglass North ya bayyana, ya haɗa dokar da aka rubuta da al'adar da ba a rubuta ba, da kuma wanda ke tabbatar da an bi su. Suka raba tsari gida biyu. Akwai na tatsa, inda 'yan tsiraru ke kwashe gumin jama'a. Akwai na damawa da kowa, inda mutum ya san abin da ya nema nasa ne, kuma in an zalunce shi yana da inda zai kai ƙara. Kai makiyayi ba sai an yi maka dogon bayani ba. Saniyar da ake tatsa safe da yamma ba a kai ta kiwo, ka san ƙarshenta.

To, ba sai mun je Amurka neman misali ba. Ga Salaga nan.

A ƙarni na 19, Salaga na cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Fatake kan taso daga Kano da Sakkwato, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su ratsa Borgu da Sansanne Mango da Yendi, tafiyar watanni, don su sayi goro. Shi ya sa har yau Bahaushe in ya ce Gwanja, goro yake tunawa. An kuma sayar da bayi a wannan kasuwa, abin da bai kamata a ɓoye ba. Amma ku lura da abu ɗaya: goro ba ya fita a Salaga. A kurmin Asante yake. Sarakunan Kumasi ne suka hana fataken arewa shiga kurmi, suka sa a riƙa kai goron Salaga a haɗu a can. Wato siyasa ce ta dasa kasuwar.

Siyasa ce kuma ta tuge ta. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya ragu, ciniki ya fara karkata Kintampo. Sai a 1892 rikicin gadon sarauta ya ɓarke a Kpembe, garin sarautar da ke maƙwabtaka da Salaga, tsakanin gidajen da ke karɓa-karɓa. Aka yi yaƙi, gari ya watse, 'yan kasuwa da malamai suka yi ƙaura, da yawansu zuwa Kete-Krachi. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934. Rijiyoyin Salaga suna nan, hanya tana nan, amma kasuwa ba ta koma yadda take ba. Ɗan kasuwa yana iya jure haraji mai nauyi in ya san adadinsa. Abin da ba ya jurewa shi ne ya kwana bai san wa zai tashi da mulki gobe ba.

Gaskiya dai, ba rikici kaɗai ya kwantar da Salaga ba. Goro ya samu sabuwar hanya ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Amma ko hanyar ma, mutane ne ke yanke shawarar inda za ta bi. Layin dogo ya iso Kumasi a 1903, ya tsaya nan. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki arewa a matsayin rumbun 'yan ƙwadago da za a tura ma'adinai da gonakin koko a kudu. Tsarin tatsa ke nan, kuma tabonsa bai gama warkewa ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafarku. Masu bincike sun gano cewa ba gwamnati kaɗai ke gina tsari ba. Wani malami, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan ya yi nazarin cinikin shanu da goro, littafinsa ya fito a 1969. Wata malama, Polly Hill, ta yi irin wannan nazari a kasuwar shanu ta Kumasi. Abin da ya ba su mamaki, ku a wurinku ruwan sha ne: baƙo ya kawo shanu daga nesa, ya sauka gidan maigida, dillali ya haɗa ciniki, mahauci ya ɗauki shanu bashi ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗi su fito. Me ya riƙe wannan ciniki? Maigida ne ya tsaya. In mahauci ya ci amana, maigida zai biya, kuma sunan mahaucin ya ɓaci a kasuwa gaba ɗaya. Kotu ce da banki a zaure ɗaya.

Sai dai tsarin zaure yana da iyaka. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Ghana. Zangonni suka girgiza, mutane suka sayar da kaya a wulaƙance, bashin da ke tsakanin mutane ya bi ruwa. Najeriya ma ta yi irin haka a 1983. Sa hannu ɗaya a babban birni ya rushe abin da aka yi shekaru ana ginawa.

Mu dawo zamaninmu. A Yendi, rikicin gidan Abudu da na Andani ya kai ga kashe Ya Na Yakubu Andani na biyu a watan Maris na 2002, sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya Na. A Bawku rikicin sarauta ya daɗe, kuma a 'yan shekarun nan ya biyo hanya har ya taɓa matafiya a yankin Walewale, aka kai ga sa dokar hana fita. Ba mu zo nan don mu ce wane ke da gaskiya ba. Muna cewa dai ku yi lissafi: lorin albasa da ya kwana yana jiran rakiyar soja, wa ke biyan wadda ta ruɓe? Direban da ya ƙara kuɗin mota saboda tsoro, a jikin wa zai fanshe? Darasin Salaga ke nan yana maimaita kansa.

To me ke hannunku? Abu uku.

Na farko, takarda. Tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tanadi takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, mai nuna yawan garke, allurar da aka yi masa da hanyar da zai bi. Burkina Faso, Mali da Nijar sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka kafin ka taso ka tambayi ofishin likitan dabbobi na ɓangarorin biyu abin da ake nema yanzu.

Na biyu, rasit. Duk kuɗin da ka biya a shinge ko a kasuwa, sidi ne ko sefa, nemi rasit cikin ladabi. In babu, rubuta rana da wuri da adadi, ka kai wa shugaban ƙungiyarku. Kukan mutum ɗaya ana iya sharewa, amma littafin mutum ɗari yana shiga ofis.

Na uku, yarjejeniya. Elinor Ostrom, wadda ta samu Nobel a 2009, ta nuna cewa makiyaya da mashayar da jama'a ke tarayya a kansu suna ɗorewa in masu amfani da su ne suka tsara doka, aka san iyaka, aka sa masu sa ido, kuma hukunci ya fara daga ƙarami. Don haka Ardo, in za a zauna da sarkin gari kan burtali da mashaya, a sa manoma a zaman, a sa ɗan majalisar yanki, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Kuma ranar da shanunmu suka yi ɓarna, mu fara biya kafin a kira mu. Tsarin da kake so ya kare ka, sai ka yarda ya hau kanka.

Nan za mu dakata. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a garke da jari, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.